Hoton Mamaci da Hoton Wanda Ya Ɓace a Bulabulin

Ajiye hoton mamaci mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta, kuma a unguwar Bulabulin ta Maiduguri ba a littafi kaɗai ake haɗuwa da ita ba. Musulmi ba ya jinkirta gawa: wanka, likkafani, salla, sai makwanci, kabarin ma galibi ba suna. Abin da ke saura a hannun iyali shi ne hoton fasfo, ko na ranar Salla, ko wanda aka ɗauka da waya a gadon asibiti.

Masu hani suna kafa hujja da hadisan gargaɗi ga masu yin sura, da bayanin Ibn Abbas cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu asalinsu siffofin salihai ne da aka kafa bayan rasuwarsu don tunawa. Ibn Baz bai yarda da hoto ba sai na larura, irin na katin shaida. Muftin Masar Muhammad Bakhit, wanda ya rasu a 1935, ya ga kyamara ba ta ƙirƙirar sura, inuwar halitta kawai take kamawa. Ibn Usaimin ya sassauta a kan ɗauka, amma ya hana ajiyewa don tunawa, musamman hoton mamaci, saboda yana tayar da baƙin ciki.

Duk wannan muhawara ta ginu ne a kan an tabbatar mutum ya mutu. A Borno ba kullum ake tabbatarwa ba. Tun ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009, ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi rajistar mutum fiye da 20,000 da suka ɓace a Najeriya, akasarinsu a arewa maso gabas. Matar da mijinta ya fita bai dawo ba, ba ta ga gawa ba, ba ta shiga takaba ba. A Malikiyya sai ta kai magana gaban alƙali, ta jira shekara 4, sannan ta yi idda. Hoton da ke jakarta kayan cigiya ne, kuma da wuya a fitar da shi daga babin larura ko a ma'aunin masu tsanantawa. Ambaliyar madatsar Alau ta Satumba 2024, wadda ta mamaye Bulabulin da Gwange, ta lalata takardun gidaje da dama, alhali wani hoton ba shi da na biyu.

Hoton majinyaci kuwa nasa tarnaƙin daban ne. Ana yaɗa hotunan masu wankin ƙoda a Facebook don neman gudummawa, kuɗi kan samu, amma rufin asirin mara lafiya, wanda shari'a ta girmama, shi ke tafiya, wani lokaci ba tare da an nemi izininsa ba. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri da ta karanci aikin jinya, ta bi wata hanyar: daga 2015, a shafinta na Bits of Borno, rayayyu ta riƙa ɗauka, yara da dattawa, a kasuwa da bakin titi, lokacin da duniya ba ta ganin Borno sai a hoton gawa da ɓaraguzai.