ME YA TARA, KO ME YA YI?

A birnin nan namu na Dabo, idan aka ambaci sunan mutum a majalisa, tambayar da kan fara biyowa baya ita ce, "Shin ya samu kuwa?" Ba mai tambaya ko me ya samu, domin kowa ya san masu gidan rana ake nufi. In an ce ya samu, an gama yabo. In an ce yana nan yana fama, sai a yi tsaki a kama wani zancen, ko da kuwa faman nasa koyar da 'ya'yan masu tsakin ne.

Mu malaman makaranta mun san zafin wannan awo, marubuta ma sun sani. Ɗalibi kan dubi takalmin malaminsa, ya tuna motar yayansa da ya bar aji uku ya shiga Kantin Kwari, ya yanke hukunci a ransa tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Saboda haka tambayar da nake so mu tattauna ita ce: da me ake auna darajar aiki? Da kuɗin da ya kawo, ko akwai wani mudun?

Na zaɓi in leƙa amsar maƙwabtanmu Kirista. Shekara ɗari da ɗoriya muna zaune da su, mu a cikin ganuwa, su galibi a Sabon Gari. Mun san farashin kayansu, sun san namu, amma da wuya ka ji mun tambayi juna dalilin da ke fito da mutum daga gida da sassafe. Jin ta bakin maƙwabci ba ya rage wa mutum imani, sai dai ya ƙara masa sanin kansa.

Akwai kalma guda da suke yawan amfani da ita, wato "kira". A fahimtarsu, Allah kan kira mutum zuwa wani aiki kamar yadda maigida kan kira baransa ya aike shi. Littafinsu ya nuna Almasihu ya tashi a gidan kafinta, Manzo Bulus kuma yana ɗinkin tanti da hannunsa don kada ya zama nauyi ga waɗanda yake yi wa wa'azi. Akwai kuma labarin wani attajiri da zai yi tafiya ya rarraba wa barorinsa jari. Da ya komo ya yabi waɗanda suka juya nasu, ya hori wanda ya binne nasa a ƙasa don tsoro. Martin Luta, malamin Jamus da ya tayar da gyaran ikilisiya a 1517, ya tsaya a kan cewa aikin manomi da na baduku kira ne kamar na limamin coci. Abin lura a nan shi ne, in aiki aike ne, to wanda ya yi aiken shi za a kai wa bayani, kuɗin kuwa guzurin hanya ne. Ɗan aike da ya zauna yana ƙirga guzuri har rana ta faɗi, ai bai isar da saƙo ba.

Magana a baki ba ta da wuya, don haka bari mu dubi aiki. A 1943 'yan mishan na S.I.M. suka buɗe asibitin ido a nan Kano, wanda yanzu yake hannun ikilisiyar ECWA, tsofaffinmu da yawa kuma an cire masu yanar ido a can. Tun shekarun 1930 suka kama jinyar kutare a Yadakunya, a zamanin da dangin kuturu ma kan ware masa ƙwaryarsa daban. Likitan da ya iya fiɗar ido zai iya neman kuɗi a ƙasarsu cikin sanyi. Wani abu ne daban ya zaunar da shi cikin zafin bazarar Kano.

Akwai kuma misalin da tushensa yake cikin ganuwar nan. A zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wajen 1867, aka kashe wani malami mai suna Ibrahim a kasuwa saboda matsayin da yake bai wa Annabi Isa a karatunsa. Almajiransa, da ake kira Isawa, suka watsu wajen Ningi da iyakar ƙasar Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka je Zariya wurin Likita Mila, Baturen mishan da ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932. Suka zauna a ƙauyen Gimi, ciwon barci ya yi masu ɓarna, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929. Daga makarantar wannan ɗan ƙaramin gari aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da John Tafida, wanda shi da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi, littafin da kowane marubucin Hausa ya sani.

Wanda ya fi jan hankalina a cikinsu shi ne Farfesa Ishaya Audu. An haife shi a Anchau a 1927, likitan yara ne, ya kuma zama likitan Sardauna. Ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. A ƙasar nan mun san inda irin waɗannan kujeru kan kai mutum. Shi kuwa da aka gama, ya koma Samaru ya buɗe asibiti, yana duba marasa lafiya yana wa'azi, ya rasu a 2005. Mutumin da ya zauna da shugabannin duniya ya koma yana tambayar uwa yaushe zazzaɓin yaronta ya fara. A awon majalisa wannan ci baya ne. A awon kira kuwa, ɗan aike ne ya koma kan saƙonsa.

Na san mai karatu zai kawo suka, kuma sukar tana da ƙafa. Zai ce 'yan mishan ba don Allah kaɗai suka yi jinya ba, suna neman mabiya. Gaskiya ne, su ma ba su ɓoye ba, shi ya sa sarakuna da Turawan mulki suka daɗe suna hana su zama cikin birane. Amma wannan ba ya rushe maganata, domin ko mun yarda da manufarsu ko ba mu yarda ba, a fili yake cewa manufar ba kuɗi ba ce, kuma makahon da ya koma gida yana gani bai yi asara ba.

Zai kuma ce, ina ka bar masu wa'azin wadata, waɗanda ke koyar da cewa dukiya ita ce shaidar yardar Allah, talauci kuma alamar ƙarancin bangaskiya? Wannan koyarwa ta taso daga Amurka, ta yi ƙarfi a Nijeriya ta hannun irin su Benson Idahosa na Binin, wanda ya rasu a 1998. Kiristoci da yawa su ne kan gaba wajen sukarta, domin ta juya al'amarin: maimakon mutum ya zama baran Allah, sai a mai da addu'a jari, baiko kuma adashi. Kafin mu yi masu dariya sai mu shafa kanmu, domin mu ma mukan ce wane "Allah Ya yi masa" ba tare da mun tambayi ta wace ƙofa abin ya shigo ba. Ciwo ɗaya ne, riga ce kawai ta bambanta.

Suka ta uku ita ce ta fi nauyi. Mai iyali zai ce, malam, kira ba ya sayen kwanon masara. Haka ne, kuma wanda ya hana ma'aikaci haƙƙinsa sannan ya ce masa ladansa na sama, azzalumi ne a kowane addini. Bulus ɗin da na ambata ai sayar da tantin yake yi. Neman halal wajibi ne, ƙorafin albashi kuma ba kwaɗayi ba ne. Abin da nake ja a kai shi ne jerin: wanne ke gaba, wanne ke biye. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Karin maganar ba ta hana cin lada ba, ta dai tuna mana cewa akwai kai a gabanka yana jiran aska.

Mu ma ba baƙin wannan hanya ba ne. Malam Aminu Kano ya fara da alli, ya rasu a 1983 a gidansa na Gwammaja ba tare da tarin dukiya ba, ga shi har yau ana haɗa baki da sunansa, alhali attajirai da yawa na zamaninsa sai jikokinsu kaɗai ke tuna su. Shi da Farfesa Audu addininsu daban, jam'iyyunsu daban, amma mudu ɗaya suka auna rayuwa da shi.

Ya ku 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, wannan magana tamu ce. Tun da littattafan kasuwar Kano suka bunƙasa a shekarun 1980, har zuwa yau da ake sayar da labari ta waya, jarrabawar ɗaya ce: ka rubuta abin da ka san gaskiya ne, ko abin da zai fi saurin kawo kuɗi. Ka karɓi ladanka, ka tsaya a biya ka cikakke, kada ka ji kunya. Amma kafin ka ajiye alƙalami ka tuna yarinyar da za ta karanta shafin nan a zaure ko a ɗakin kwanan ɗalibai, ka tambayi kanka me za ta tashi da shi. Ita ce kan da ke gabanka. In ka karɓi kuɗinta ka bar ta da abin da zai cutar da ita, ka ci lada ba ka yi aski ba.

A nawa ɗan tunanin, dalilin zaman mutum a duniya yana bayyana ne a cikin amsar tambaya guda: wa ya amfana da aikinka? Ranar da aka ɗauki makara, abin da mutum ya tara magada ke rabawa kafin arba'in. Abin da ya yi kuwa yana nan tare da waɗanda ya yi wa, shi ne kuma za a tambaye shi. A kan wannan, da mu da maƙwabtanmu ba mu da saɓani. Allah Ya sa mu dace, amin.