Makarantar Sana'a Ta Waɗanda Suka Faɗi Ce?

'Yan uwa, ga tambayar da ke damuna. A Najeriya, yaron da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare zai iya shiga kwalejin fasaha, ya koyi walda, aikin kafinta ko wayarin, ya zana jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992. To amma wa muke turawa can? Sai wanda makinsa ya gaza, kamar horo. Wai wannan adalci ne? Mai basirar hannu ba daƙiƙi ba ne. Ni a ganina, a duba baiwar yaro kafin a duba makinsa, domin amana ce a wuyanmu. Allah Ya sa mu gane.