Mai Gadin Takalma

Ina aji huɗu a firamare aka kai mu ziyara hasumiyar Gobarau. Aka jera mu biyu-biyu, muka ratsa lungunan cikin gari har muka isa. Da aka zo hawa kowa ya tuɓe takalmansa, sai malaminmu ya dube ni, ya dubi ƙarfen da ke ɗaure a ƙafata ta hagu, ya ce, "Kai zauna nan ka kula mana da takalma." Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, har kaina ya shafa. Na zauna ina ƙirga silifas, ina jiyo ihun 'yan ajinmu daga sama suna nuna wa juna rufin gidajensu. Babu wanda ya tambaye ni ko zan iya. Ni kaina ban tambayi kaina ba sai bayan shekaru.

Shan-inna ta kama ni ina ɗan shekara uku. Tun daga nan gadin takalma ya zama sarautata: a bakin kududdufi da damina, a gefen filin ƙwallo, a duk inda yara ke tuɓe wani abu su ruga. Da na yi wayo sai na kafa wa kaina doka, cewa duk abin da aka ce ba zan iya ba, shi zan fara yi. Dokar ta yi mini rana. Ita ta hau da ni benayen jami'a tsawon shekara huɗu, tsani bayan tsani, har na karɓi digiri. Ban taɓa zaton za a wayi gari ta zama abin da zan yi wa tawaye ba, sai da ƙaramar Sallar bara ta zo.

A farkon watan Sha'aban kurkurar da na shiga ta kife da mu, na karye a tsintsiyar hannun dama. Ga mai ƙafa biyu wannan karayar hannu ce kurum. A gare ni kuwa karayar ƙafa ce, domin hannun nan shi ke riƙe sandar da nake dogarawa. Mako shida na yi hannu a naɗe, in zan je banɗaki sai ƙanena ya ba ni kafaɗa. A goman tsakiya na azumi aka kwance, likita ya ɗaga hoton ƙashin ya ce ya kama, amma bai ƙosa ba. Ya yi mini misali da ginin ƙasa da aka ɗora jiya: ka gan shi a tsaye, amma danye ne, kada ka jingina masa buhu. Abin da ke fara haɗa bakin karaya nama ne mai taushi, a hankali yake rikiɗa ya zama ƙashi, kuma ƙarfinsa na asali sai bayan watanni. Na koma riƙe sanda da hagu, tafiyata ta zama ta ɗan koyo.

Washegarin Sallah, bayan an watse daga kallon hawan Bariki, muka ɗauki yaran gidanmu zuwa ɗaya daga wuraren shaƙatawa na cikin Katsina, ni da ƙanena da kawunmu. Abubuwa uku suka ja hankalin yara. Akwai babban lilo mai siffar ƙafar keke, wanda ke juyawa a hankali ya ɗaga mutum sama da kan itatuwa. Akwai lilon kwale-kwale, mai wurga mutane gaba da baya har su kusa kallon ƙasa ta tsakar ka. Sai ƙananan motocin lantarki da ake karo da juna a cikin wani fili mai shinge. Na nufi layin kwale-kwale, domin a nan ihu ya fi yawa. Saurayin da ke karɓar tikiti ya sa hannu ya tare ni. Bai dubi hannuna ba, bai ma san da zancensa ba. Ƙafata ya duba. "Malam, ka yi haƙuri, ban da irinku." Kawu ya ƙaraso yana cewa, "To mi za ka yi can sama? Zo ka hau motar yara, ita ko ba ta barin ƙasa. Ko ka zauna nan ka riƙe mana takalma."

Jinina ya tafasa. A tsayuwar nan ta 'yan daƙiƙu tambayar da nake son tattaunawa ta tsaya mini a maƙogwaro: idan mutum baligi mai hankali ya zaɓi abin da ke da haɗari a jikinsa, don nishaɗi kawai, wa ke da ikon ce masa a'a?

Amsar da na girma da ita gajeriya ce: babu kowa. Kuma ina da hujja. A 1972 wani Ba'amurke mai suna Robert Perske ya yi rubutu a kan masu larurar ƙwaƙwalwa, ya nuna cewa kāre mutum daga kowane irin haɗari wata hanya ce ta raba shi da mutuncinsa, domin wanda ba a bari ya faɗi ba, ba a bari ya zama cikakken mutum ba. Mu ba sai mun je Amurka ba. Malaman sira sun kawo labarin sahabi Amru bin Jamuh, dattijo mai ɗingishi ƙwarai, wanda 'ya'yansa suka so hana shi fita yaƙin Uhudu bisa dalilin cewa Allah ya ɗauke masa. Ya kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Annabi ya tabbatar masa lalle yana da uzuri, sannan ya juya ga 'ya'yan ya ce kada su hana shi. Ya fita, ya yi shahada. Na san lilo ba Uhudu ba ne, kuma ba zan yi rashin kunyar daidaita su ba. Abin da na ɗauko shi ne bambancin da aka nuna tsakanin uzuri da hani. Uzuri kyauta ce da aka miƙa wa mai larura, ya karɓa ko ya ajiye. Da zarar wani ya karɓe ta daga hannunsa ya ce shi zai riƙe masa, ta tashi daga kyauta ta koma sarƙa.

Yawancin hanin da ake yi mana irin wannan ne: uzurinmu ake ƙwacewa a ɗaure mu da shi, ana murmushi. Dokar ƙasa ma ta gane haka. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta tanadi tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya, da naira miliyan ɗaya ga kamfani. Tun 2010 kuma Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinmu, wadda sashenta na 30 ya ambaci nishaɗi da wasanni da sunansu. Ga masu ganin jikinmu kwalba ne, ina tuna musu cewa a Rio a 2016 'yan wasanmu masu larura zinare 8 suka kawo, alhali masu lafiya tagulla ɗaya suka dawo da ita.

Da a nan zancen ya tsaya, da na ture hannun saurayin nan na wuce. Amma adalci ya tilasta mini in faɗi abin da ke ɗaya gefen sikeli. A watan Yulin 2011, a wani wurin wasa da ake kira Darien Lake a jihar New York, wani tsohon soja mai suna James Hackemer, wanda ya rasa ƙafafunsa biyu a Iraƙi, ya hau jirgin wasa mai hawa da gangara, wanda tsayinsa ya haura mita 60. Jirgin ya watso shi, ya mutu. Bincike ya nuna injin lafiyarsa ƙalau. Ƙarfen da ke riƙe fasinja a cinya da ƙwauri yake kamawa, kuma ƙa'idar wurin ta ce sai mai ƙafa biyu, ma'aikata suka bar shi ya hau. Ina iya hasashen abin da ya ratsa zukatansu: wa zai kalli jarumin yaƙi ya ce masa a'a? Kunyarsu ta yi kama da girmamawa, amma ba ita ba ce. Inji bai san mutunci ba, nauyi da gudu kawai ya sani. Sannan haɗarin da mutum ya zaɓa ba ya tsayawa a jikinsa shi kaɗai. Akwai wanda ya danna maɓalli, wanda zai kwana da abin har ƙarshen ransa.

Don haka ba kowane hani ne zalunci ba. Abin tambaya shi ne daga ina hanin ya fito, daga sani ko daga tausayi? Saurayin nan namu ba shi da wata ƙa'ida a rubuce, ba a koya masa wane ƙarfe ke riƙe wane sashe na jiki ba. An ba shi tikiti da tsoro, aka ce ya tsaya a ƙofa. Ban ga laifinsa sosai ba, laifin na wanda ya tsayar da shi ne. Kawu kuwa, da dukan ƙaunarsa, da tsawo yake auna haɗari. A ganinsa abin da ya yi sama shi ne mugu, abin da ke ƙasa salama. Ni da na tsaya na yi lissafi sai na ga akasin haka. Motar karo da yake turo ni cikinta ita ce ta fi kowanne haɗari gare ni a ranar, domin duk dukan da mota ta sha, ta sitiyari yake biyowa ya sauka a tsintsiyar hannu. Babban lilon da ya fi tsorata shi ba ya neman komai daga wurina sai in zauna.

Saura kwale-kwale. A nan ne lissafin ya juyo kaina. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a kan ƙafata ba na karɓar gyara daga kowa. Shekara ashirin da ɗoriya ina kwana a wannan ɗaki, na san kowace ɓarakarsa. Na san idan kwale-kwale ya kai ƙololuwa jiki ya yi sakayau ya fara barin kujera, masu ƙafa biyu da ƙafa suke tokarewa, ni kuwa da hannu nake damƙe ƙarfe, kuma hannayena sun fi na yawancinsu ƙarfi. Da bara waccan ce, da na yi wa saurayin nan bayani na hau, kuma da na fi shi gaskiya. Amma karayar sabon ɗaki ce, ko damina ɗaya ban yi a cikinsa ba. Ban san inda yake yoyo ba. Abin da ya saba cike mini giɓin ƙafa shi ne yau ya zama danyen gini. Mutane sun haɗa larurata da raunina sun kira su abu ɗaya, wato rashin iyawa. Sai ga ni ina shirin yin irin kuskurensu ta bayan gida, ina so in haɗa su in kira su abu ɗaya, wato abin da za a nuna wa duniya an fi ƙarfinsa. Alhali ɗaya ni ce, ɗayar kuma baƙuwa ce mai tafiya, idan an kyautata mata.

Wannan shi ne wuri mafi wuya, kuma ban ga an cika maganarsa ba. Wanda aka daɗe ana hanawa yakan rasa 'yancin fasawa. Mai lafiya in ya kalli lilo ya ce yau ba ya sha'awa, ba wanda zai ɗora masa fassara. Ni in na ja da baya, kawu zai ce, "Ai na faɗa." Saurayin zai ƙara samun tabbaci, gobe ya tare wata yarinya mai sanda wadda hannayenta lafiya lau. Sai na ji kamar ina ɗauke da amanar duk wani mai gadin takalma a garin nan, kuma saukar da ita cin amana ne. Amma da na ƙara dubawa, sai na ga dokar nan tawa ta yin duk abin da aka hana ni ba 'yanci ba ce tsantsa. Wanda ke jiran a ce kada ya yi kafin ya san abin da zai yi, har yanzu linzaminsa na hannun mai hanin, an dai juya akalar ne. In na hau na sake karyewa, ba kawu zai koma jingina da kafaɗar ƙanensa ba, kuma ba ni kaɗai zan biya ba: ƙanen nan nawa jarrabawa ke gabansa, mahaifiyarmu kuma ba ta gama biyan bashin ɗorin farko ba.

Na ce wa saurayin, a hankali yadda na kusa za su ji, "Ba zan hau ba, amma ba don abin da ka gani ba. Ƙafar nan ba ta hana ni. Hannun nan ne ya karye, bai gama warkewa ba." Na naɗe hannun riga na nuna masa. Ya yi shiru, ya dubi hannun, ya sake duban ƙafar, kamar mai lissafin da ya ƙi fita. Ban sani ba ko ya fahimta. Kawu dai bai fahimta ba, har muka koma gida yana gaya wa mahaifiyata cewa Allah ya sa yaron nan ya ji magana. Na bar shi a haka, ko da yake abin ya ci ni kwana biyu.

Daga nan na nufi babban lilo. Mai kula da shi ma ya ɗan yi turus, na ce masa ya tsayar da kujerar daidai ƙasa kawai, sauran nawa ne. Na zauna, na miƙa sandata ga ɗan yayata mai shekara bakwai, wanda tsoro ya hana shi hawa, na ce ya riƙe mini. Har na ɗaga sama ina tunanin ko na yi masa abin da aka yi mini. Amma shi an tambaye shi sau uku, da bakinsa ya ce a'a. Daga can ƙololuwa na ga Katsina shimfiɗe, rufin kwano yana ƙyalli tsakanin itatuwan bedi, ƙurar dawakin da suka dawo daga hawa ba ta gama kwanciya ba. Na nemi unguwarmu da ido, ban gane ta ba. Na ɗora hannun dama a cinya, na riƙe ƙarfe da hagu.

Tsakanin ƙaramar Sallah da babba kwana saba'in ne ko kusa da haka. Ana saura mako guda na koma asibiti aka sake ɗaukar hoto, likita ya murɗa hannun hagu da dama, ya ce in ƙara masa wata biyu kafin in ɗora masa irin wannan nauyi. Ranar da muka koma da yara na tarar an canza mai karɓar tikitin kwale-kwale. Sabon ya hango ni tun daga nesa, idonsa a kan ƙafata.