Jirgi Ba Ƙosai Ba Ne, Aboki

Zo nan, aboki, zauna kan tabarma. A'a, daina ɓoye shi a bayanka, tun daga zaure na jiyo ƙamshin man gyaɗa. Kakarka ta ce cokali guda ka ɗiba a kwalbarta ka tuttula wa jirgin da kawunka ya kawo maka tsarabar Makka, wai don yana ƙara. To, ƙarar ta daina? Ga shi yanzu yana gurnani kamar raƙumin da aka labta wa kaya, ƙafafunsa sai sulɓi suke yi a kan dogo. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Ban ga laifinka ba don ka so ka gyara kayanka. Inda ka kuskure shi ne ba ka tsaya ka ji inda ke masa ciwo ba.

Kai ba ka taɓa ganin jirgi na gaske ba, don dogo bai iso Bafarawa ba. Wanda ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau, a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929, sai mutum ya ratsa Shinkafi kafin ya gan shi. Lokacin da nake aikin reluwe a can, akwai wani dattijo da ba ya riƙe komai sai 'yar guduma mai dogon ƙota. Jirgi na tsayawa zai bi taragu ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa ƙafafu. Lafiyayyar ƙafa amo take yi kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa sai ta ce ƙwas, kamar fasasshiyar ƙwarya. Sannan ya ɗora bayan hannu a akwatin mai na kowace ƙafa ya ji ko ya ɗau zafi. Mu samari muna masa dariya, muna cewa kiɗa ake biyansa. Amma ba a taɓa kwance noti ko ɗaya ba sai ya nuna wurin.

Naka ma haka yake, ƙanƙanta ce kawai. A cikinsa akwai ɗan injin da batir ke juyawa, shi kuma yana tura giyoyin roba masu haƙora har su juya ƙafafu. Kowannensu da irin kukansa. In ka ji ƙas, ƙas, ƙas, sau ɗaya duk zagayen ƙafa, yana ƙara sauri in jirgin ya ƙara gudu, to giyar da ke jikin sandar ƙafa ce ta tsage. Roba ce aka cusa wa ƙarfe, in ta tsufa sai ta ƙanƙance ta dare, haƙora biyu su buɗe. Wannan ko tulun mai ka zuba ba ta warkewa, sai an sauya ta. Har masu tara irin waɗannan jirage a Amurka da Ingila, manya da gemunsu, wannan ciwon yana damunsu. In kuwa tsuwa ce siririya, bakin sandar injin ne ya bushe. Gurnani da gurza, yawanci yashi ne ko zare ko gashi ya naɗe a haƙora. Kai da kake shimfiɗa dogonka a tsakar gida cikin ƙurar hunturun nan, ni a nan na fi zato. Wani lokacin ma ba komai ba ne, murfin ne bai zauna ba yake karkarwa; ka danna shi da yatsa yana tafiya, in ya yi shiru ka huta.

Man gyaɗa kuwa na tuya ne. Kwana kaɗan zai yi danƙo, ya kama ƙura, ya zama kamar ƙullun da aka kwaɓa da yashi yana cin haƙoran. Kada kuma ka je wurin mai gyaran babur ka roƙo baƙin mai, yana iya lalata roba.

Ga yadda za mu yi. Cire batir tukuna. Ɗauko faranti mu riƙa zuba ƙusoshin a ciki, don in ɗaya ta faɗa ƙasar nan ta tafi ke nan. Za mu ɗaga murfin, mu zare giyoyin a jere yadda muka same su, mu wanke su da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, su bushe sarai. Injin dai ba ya shan ruwa, tsumma kawai za mu sa masa. Daga nan mu kunna shi shi kaɗai mu saurara, mu mayar da giya ɗaya mu sake saurara, har mai laifin ta tona kanta. Mai kuma na keken ɗinki, ɗigon da zai tsaya a kan tsinken ashana, a inda ƙarfe ke juyawa kawai, ban da ƙafafu.

Tashi ka karɓo man keken a wurin kakarka. Ka ce ni na aike ka, don na san in da sunanka ka je, yau ba za ta ba ka ba. Ka haɗo mini da tabarau na, yana kan taga.