Ka Rubuta Abin da Ka Gani

Ya ɗan'uwana, kai da ka fito daga Babban Giji da sassafe, ka hau adaidaita sahu zuwa Jami'ar Bayero domin karatun kimiyya, ina so mu yi shawara a kan wani jarabi da za ya same ka cikin shekararka ta fari. Ba za ya zo maka da kamannin mugunta ba, gama sau da yawa abokinka ne za ya kawo shi, da nufin taimako.

Ga yadda yakan zama. An kai ku ɗakin gwaji, an ba ka zare da dunƙulen ƙarfe a rataye, da agogo, an ce ka ƙirga lilonsa, ka fitar da adadin ƙarfin da ƙasa take jawo abubuwa da shi. Littafi ya ce 9.8 ne. Ka yi awo, ka yi lissafi, sai ga 10.9. Lokaci ya ƙure, na kusa da kai ya ce, "Gyara lambobin mana, kowa ya san amsar." Kai kuwa da ka saba zama na ɗaya a sakandare, yau ga ka cikin taro mai yawa, ba wanda ya san sunanka, kana tsoron kada a ce ba ka iya ba.

Za ka ce, wa na cuta? Amsar littafi gaskiya ce, ni kuwa ita na rubuta. To, lura da kyau. Ba a tambaye ka abin da littafi ya ce ba, malaminka ya san wannan tun kafin a haife ka. An tambaye ka abin da idonka ya gani. Takardar da ka miƙa shaida ce, sunanka yana bisanta. Idan ka sāke lambar, ka ba da shaidar zur ke nan, ko da maganar da ka goyi bayanta daidai ce.

Ka dubi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga shi nan a Titin Zariya kusa da gidanku. Masu auna jini a can, su ma sun taɓa tsayawa inda kake tsaye yau. Likita ba ya ganin abin da suka gani, lambar da suka rubuta kaɗai yake gani, bisa gare ta kuwa yake ba uwarka magani. Ashe ba za ka so hannun da ya rubuta ta ya zama wanda bai taɓa koyon gyaran lamba ba? Hali kuwa a kan ƙaramin abu ake koyonsa, sa'ad da ba mai dubawa.

Akwai kuma wata hasara. A shekarar 1892 wani masani a Ingila, Lord Rayleigh, ya tarar iskar naitirojin da ya tace daga iskar sarari ta fi wadda ya samu daga sinadarai nauyi. Bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Da ya so, da ya share shi, ba mai sani. Amma ya buga shi a fili, ya roƙi masana su taimake shi gane dalili. A 1894 shi da William Ramsay suka bayyana iskar argon, wadda mutane suke shaƙa tun fil azal ba su san da ita ba.

Ban ce 10.9 naka za ya tone wani asiri na duniya ba. Kuskurenka ne, kusan babu shakka. Mai yiwuwa ka ce "ɗaya" a lokacin da ka saki ƙarfen, tun lilo na fari bai cika ba, har ka ƙirga 19 ka rubuta 20. Wannan kaɗai ya isa ya mai da 9.8 ya zama 10.9. Ka rubuta lambar yadda ta fito, ka rubuta zatonka a ƙarƙashinta. Watakila a rage maka maki, ba zan ɓoye maka ba. Sa'an nan ka je wurin mai kula da ɗakin gwaji, ka gaishe shi, ka roƙi zaren da agogon, ka sāke ƙirgawa daga sifiri.