Ya Ƙoshi, Amma An Ciyar Da Shi?

A Malawi suna da wata magana da harshen Chichewa mai nufin masara ita ce rayuwa, kuma ba kambamawa suka yi ba. Mutumin karkara a can, abin da ya ci da rana shi zai ci da dare: nsima, wato tuwon masara, da ɗan abin da ya samu na ganye ko wake. Masarar kuwa galibi daga gonarsa ta fito, ko daga ta maƙwabta.

A 2021 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da aka yi a Malawi da Habasha. An bi gonaki an ɗebo hatsi, aka auna sinadaran ƙarfe da zink da kalsiyam da seleniyam da ke cikinsa, aka zana taswira. Sai ga shi masarar wannan yanki daban take da ta wancan, ko da a ido iri ɗaya ce. Ɗauki seleniyam, wanda jiki ke buƙatar ɗan kaɗan ƙwarai daga gare shi don garkuwarsa da aikin maƙogwaro. Yawancin ƙasar noman Malawi mai tsami ce, tana riƙe shi ta hana shuka zuƙa. A kwarin kogin Shire da ke kudu kuwa akwai ƙasar da ke sakinsa, kuma an ga bambancin har a jinin matan da ke zaune a wuraren biyu.

Ga yara biyu ke nan. Kowanne ya cinye malmalarsa ya side kwano, kowanne ya kwanta ba ya kuka. Ɗaya ya samu abin da jikinsa ke nema, ɗayan bai samu ba, kuma ba shi da hanyar sani, domin wannan yunwar ba ta murɗa ciki. Tambayar da ta tsaya mini ita ce: an zalunci yaro na biyu? In an zalunce shi, wa ya yi?

Ba uwarsa ba ce, ta tuƙa abin da ta samu. Ba ubansa ba ne, ya noma gonar da ya gada. Amsa mafi sauƙi ita ce a ce rabo ne, kowa da ƙasar da Allah Ya ajiye shi a kai. Na daɗe ina ganin amsar ta wadatar, har na karanta labarin Finlan. Su ma ƙasarsu ba ta ba shuka seleniyam sosai. A 1984 hukuma ta yanke shawarar a riƙa zuba shi cikin takin zamani, kuma cikin 'yan shekaru adadinsa ya tashi a hatsi da madara da nama da jinin mutane. Ƙasar da suke takawa ba ta canja ba. Gwaje-gwaje a gonakin Malawi ma sun nuna dabarar tana aiki a kan masara. Tun daga nan na daina iya kiran abin rabo kawai. Ranar da ba a san cutar ba, babu mai laifi. Da aka san ta, aka san maganinta, aka zana taswirar inda take, barinta ya zama shawara ce da wasu mutane suka yanke, ko da da shiru suka yanke ta.

Sai dai akwai mai ja da ni, kuma ba na raina hujjarsa. Malawi ta ga yunwa ta gaske a 2002, ta sake gani a 2005, shekarar da gwamnati ta fara babban shirin tallafin taki don a samu masara da yawa. Wanda ya taɓa ganin rumbu wayam zai ce maka zancen zink da seleniyam zancen ƙosassu ne, da babu gara ba daɗi. Gaskiyarsa, a ranar yunwa. Inda nake rabuwa da shi shi ne, ma'aunin ranar yunwa ya zama ma'aunin kullum. A sana'ata ta rubuta manhaja na san wannan tarkon: ka sa kwamfuta ta duba abu ɗaya, za ta yi ta shaida maka komai lafiya lau alhali sauran suna lalacewa, don ba ka tambaye ta su ba. Buhu yana ƙirguwa, ana iya ɗaukar hotonsa ranar rabo. Yaron da ya tsumbure ko macen da ta haihu da ƙarancin jini, sai bayan shekaru, kuma ba wanda zai danganta su da wani kasafin kuɗi.

Za a ce ai ana ƙara sinadarai a abincin masana'anta. Haka ne, kuma ya yi amfani: tun da Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri a 1993, maƙoƙo ya ragu ƙwarai. Amma gishiri kowa na saye. Garin kamfani fa? Wanda ya fi buƙata shi ne mai ɗibar hatsi daga rumbunsa ya kai injin niƙa na bakin kasuwa, ba ya bi ta kanti ko sau ɗaya. Taimakon yana tsayawa inda kwalta ta tsaya.

A nan ne abin ya iso gidanmu, don mu ma 'yan tuwo ne. Gero da dawa da masara suna ɗauke da wani sinadari da ake kira fayitet, wanda ke ɗaure ƙarfe da zink a hanji ya hana jiki shan su. Jiƙo da tsiro da barin ƙullu ya yi tsami suna rage shi, wato abin da mai koko take yi tun kafin a san sunansa. A Nijar kuma, a 2018 aka fito da irin gero mai suna Chakti, wanda aka zaɓo don yawan sinadarin ƙarfe. Hanyoyi dai akwai su, masu bi ta gona da madafa.

Abin da ya fi damuna shi ne namu hannun. A kaffarar rantsuwa, ma'aunin ciyar da miskini shi ne matsakaicin abin da mutum ke ciyar da iyalinsa. Ni 'ya'yana suna cin ƙwai da kifi da wake. Da azumin bana, da muka haɗa kuɗi a unguwa don rabon abinci, ni ne na kawo shawarar a sayi masara zalla, saboda ita ce za ta fi yawan mudu, sunaye su fi yawa a takarda. Wata dattijuwa cikin masu rabon ta ce, "Ɗana, a rage buhu biyu a sa wake da gyaɗa mana." Na buɗe waya na yi mata lissafi: in aka yi haka, gida goma sha ɗaya za su fita daga jerin. Ta ce to ni in zaɓi waɗanda za a cire. Ban iya ba, aka raba masara.