Haƙƙin Matashi A Kan Iyayensa Bayan Balaga

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, daga ranar da yaro ya balaga alƙalami ya hau kansa, salla da azumi sun wajaba a kansa, kuma shi kaɗai zai amsa tambaya gaban Ubangijinsa. Malaman Malikiyya sun ce in alamun balaga ba su bayyana ba, to, cikar shekara 18 ita ce iyaka. Wanda Shari'a ta ɗora wa wannan nauyi bai kamata a riƙa ɗaukarsa jariri a gida ba.

Amma fa balaga daban, natsuwar hankali daban. A aya ta 6 ta Suratun Nisa'i an umarci waliyyai su riƙa jarraba marayu, kada su miƙa musu dukiyarsu sai sun ga shiriya gare su. Malamai sun fahimci cewa jarrabawar ita ce a damƙa wa yaro ɗan abu kaɗan, a ga yadda zai sarrafa shi, sa'an nan a ƙara masa.

Haka magabata suka yi. An mayar da Abdullahi ɗan Umar ranar Uhudu yana da shekara 14, aka karɓe shi ranar Handaƙu yana da 15. A shekara ta 11 bayan Hijira Manzon Allah ya shugabantar da Usamatu ɗan Zaidu a kan rundunar da ke da manyan sahabbai, alhali bai cika shekara 20 ba. Sayyidina Umar kuwa yakan zaunar da Ibnu Abbas cikin majalisar dattawan Badar, ya nemi ra'ayinsa.

Uban da ba ya sauraron ɗansa, sai tsawa da bulala, yakan tura shi wajen abokan banza, domin su ne ke ba shi kunne. Wanda kuma ya hana shi yanke ko da ƙaramar shawara, zai tashi ba ya iya tsayawa da ƙafafunsa, kowa ya ja shi ya bi. Saboda haka wajibi ne iyaye su ja samari da 'yan mata a jiki, su ba su amana daidai ƙarfinsu, su san abokansu, su gyara kuskurensu a asirce ba a bainar jama'a ba.

Matashi shi kuma ya sani, mallakar kai ba ta halatta saɓa wa iyaye. Mai hankali shi ne wanda ya iya danne fushinsa, ya nemi shawara, ya ɗauki alhakin abin da ya aikata.

Allah Ya shiryi zuriyar Musulmi, amin.